Idan Allah ya riga ya raba gado, me ya rage wa lauya?

Tambaya: Ni ɗaliba ce a aji huɗu a tsangayar shari'a. Ina so in ƙware a harkar gado da wasiyya, amma abokan karatuna suna cewa wannan aikin mutanen Legas ne da Turawa, domin a wurinmu Allah ya riga ya raba gado, malam ko alƙali ya lissafa a tashi. Da gaske akwai aikin da lauya zai yi a nan? Kuma ana samun abin rufin asiri a ciki?

Amsa: Ƙanwata, abokan karatunki ba su yi ƙarya ba. Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176, kuma babu lauyan da ya isa ya ƙara wa wani sisin kwabo. Abin da ba su gani ba tukuna, don ba su taɓa zama a zauren mamaci bayan sadakar bakwai ba, shi ne ayoyin sun faɗi kason kowa, amma ba su faɗi ko gidan da ke Hotoro na marigayi ne ko na ƙanensa da suka yi shekara talatin suna kasuwa da aljihu ɗaya ba. Na haura shekara ashirin a wannan aiki. Rigimar da na gani a kan lissafi ba ta taka kara ta karya ba. Kusan duk wadda ta kai 'yan'uwa gaban alƙali, a kan abin da za a raba ce.

Ga misali. Mutum ya rasu ya bar mata biyu, da mahaifiya, da 'ya'ya maza uku, mata biyu. An cire kuɗin likkafani da binnewa, an biya bashi, an zartar da wasiyya, sai ya rage naira miliyan 24. Matan biyu su raba tumuni, miliyan 3, kowacce miliyan ɗaya da rabi. Mahaifiya ta ɗauki sudusi, miliyan 4. Sauran miliyan 17 a kasa su takwas, namiji kashi biyu, mace ɗaya: kowane ɗa 4,250,000, kowace 'ya 2,125,000. Almajirin da ya wuce babin fara'ili, wato ilimin rabon gado, a littafin fiƙihu na Risala zai gama wannan kafin shayi ya huce.

To, wa ya ce miliyan 24 ce?

A ce marigayin ɗan Kantin Kwari ne. Shagon da yake zama da sunan yayansa aka kama shi tun suna samari. Atamfofin da ke sito rabinsu bashi aka ɗauko, kuma mai kayan ya zo gaisuwa da littafinsa a aljihu. Yaran shago uku kowanne an taɓa ba shi jari, su suna cewa sallama ce Alhaji ya yi musu, 'ya'yan suna cewa juyawa aka ba su a raba riba. Akwai fili a bayan gari wanda takardarsa guda ce tak, ta cinikin da aka yi a gaban mai unguwa, shi kuma mai unguwar ya rasu. Akwai gona a ƙauye da ba a raba ba tun zamanin kakansu. Uwargida ta ce gidan da take ciki ya bar mata shi, ya faɗa mata da bakinsa wani dare, ba kowa a wurin. Amarya ta ce ba a cika mata sadaki ba. Asusun banki huɗu ne, biyu babu wanda ya san da su. Sannan ga wani dattijo daga ƙauyensu ya zo yana rantsuwa cewa kuɗin shanunsa na ajiye a hannun Alhaji shekara shida. Mai yiwuwa ne duk waɗannan mutane gaskiya suke faɗa. Mutum ɗaya da ya san haƙiƙanin kowace magana yana kwance a maƙabarta, kuma a nan ne aikin lauya yake: ya sa a fitar da wannan sani daga kan mai dukiya zuwa kan takarda tun yana raye, ko kuma, in an makara, ya bi sawu ya tattaro hujja.

Saboda haka mafi yawan aikina da rayayyu nake yin sa. Zaman farko da mutum ba na kawo maganar wasiyya, don da yawa suna jin kalmar sai fuska ta canja, wani har ya ce, "Barista, fatan mutuwa kake yi min?" Takarda nake ɗauka in raba ta uku: abin da yake nasa kuma yana hannunsa, abin da yake hannunsa amma ba nasa ba ne, da abin da yake nasa amma yana hannun wasu. Kashi na biyu da na uku su ne ke cinye lokaci. Na sha ganin attajiri ya yi shiru ya ce a dakata, sai ya je ya tambayi yaronsa, don shi ma bai san nawa ake binsa ba. In ana neman lokacin da mutanenmu suka fi sakin jiki da wannan zama, gab da tafiya aikin Hajji ne. A lokacin nakan tuna musu hadisin Abdullahi ɗan Umar, cewa bai kamata Musulmin da ke da abin yin wasiyya ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa na rubuce a wurinsa ba.

Akwai abu ɗaya da nake so ki riƙe, tunda ke mace ce kuma mata za su fi buɗe miki ciki. Dukiyar matar aure tana narkewa a cikin ta mijinta ba tare da kowa ya lura ba. Malamar makaranta ta yi shekara goma tana zuba albashinta a ginin gida, ko ta sayar da gwal ɗinta ta ba shi ya ƙara jari, ko ta ɗauki adashi aka yi rufi. Fili da sunansa yake. Ranar da ya faɗi, gidan gaba ɗaya ya shiga gado, ita kuma ta tashi da tumunin takaba, wanda za ta raba da kishiyoyi. Shari'a ba ta zalunce ta ba, domin da ta kawo shaida cewa rance ne ko tarayya, da sai an cire mata haƙƙinta kafin a raba. Shaidar ce babu, don a gidan aure ana jin kunyar a ce a rubuta. Takarda mai layi biyar da sa hannun shaidu biyu ta isa ta hana wannan. Tun ran gini ran zane.

Daga nan sai sulusi. Kin san hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, wanda ya so ya yi wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa aka hana shi, ya nemi rabi aka hana, aka tsayar da shi a kan sulusi, aka ce sulusin ma da yawa. Kin kuma san babu wasiyya ga magaji sai in sauran magada sun amince. Mutane suna ɗaukar wannan a matsayin takurawa, alhali ƙofa ce da aka buɗe wa waɗanda gado bai kai kansu ba, kuma mafi yawanmu muna mutuwa ba mu bi ta cikinta ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa. Muddin kakan ya bar ɗa namiji, baffan yaron ya katange shi, ba ya samun komai, ko da kuwa uban yaron ne ya yi wahalar tara dukiyar. Masar ta magance wannan da doka a 1946, ta wajabta wasiyya ga irin waɗannan jikoki. Mu a nan ba mu da irin wannan doka, sai dai kakan ya yi da kansa. Haka agola da ya tashi a gidan, da ɗan riƙo, da tsohon direban da ya yi shekara ashirin yana bauta, da ɗan'uwa wanda ba Musulmi ba. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin lamari ba ne a kudancin Kaduna da Filato da Gombe da Adamawa, inda za ki samu uwa Kirista ɗa Musulmi. Bambancin addini ya hana su gadon juna, amma bai hana wasiyya ko kyauta ba.

Kyauta kuwa ita ce ta fi kowace ƙofa jawo shari'a. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Alhaji ya ce ya ba 'yarsa babba gida, amma shi ke karɓar kuɗin haya har ya mutu, takardu na cikin durowarsa: wannan gida gado ne. In kuma a cutar ajali ya yi kyautar, hukuncin wasiyya take ɗauka, ba ta wuce sulusi, ba ta kuma tafiya ga magaji sai da yardar saura. Aikin lauya shi ne ya ga an yi hauzin a zahiri. A canja suna a takarda, a sanar da 'yan haya wanda za su riƙa biya, a miƙa makulli a gaban shaidu, a rubuta rana.

A nan zan faɗa miki ra'ayina, ko da wasu abokan aikina ba za su yarda ba. Za a zo miki da kyautar da manufarta hana gado. Mutum 'ya'yansa duk mata ne, ba ya so 'yan'uwansa su ci komai. Ko kuwa yana so ya juya komai ɗakin amarya ya bar 'ya'yan uwargida da hamma. Ko ya ba maza gidaje don kada dukiya ta tafi gidan surukai. Ni irin biyun ƙarshen nan ba na rubutawa. Nakan karanta musu labarin Nu'umanu ɗan Bashir, wanda mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya nemi Manzon Allah (SAW) ya shaida, ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa irinta, da ya ce a'a sai ya ƙi shaidawa. Na rasa aiki mai tsoka saboda haka fiye da sau ɗaya. Wani lauyan zai rubuta, kuma mai yiwuwa takardar ta tsaya a kotu, amma 'ya'yan nan ba za su sake haɗa kwano ba.

Wakafi da kamfani sukan zo daga baya, ga masu dukiya da yawa. Mai son ya bar makaranta ko rijiya ko gidan haya da za a riƙa ciyar da marayu da kuɗinsa yana bukatar takardar da ta faɗi wa zai kula, wa zai gaje shi a kulawar, da yadda za a cire shi in ya ci amana. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi, Sakkwato da Zamfara ma suna da nasu hukumomin, kuma ya kamata ki san yadda suke aiki. Shi kuwa ɗan kasuwa, babban taimakon da za ki yi masa shi ne ki raba kasuwarsa da aljihunsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. In masana'anta ko gidan mai na kamfani ne, ranar da mai shi ya rasu hannun jari za a raba, injin ya ci gaba da juyawa. In da sunansa yake, sai a kira masu ƙiyasi a sayar a raba kuɗi, ma'aikata su kama gabansu. Ki zagaya Bompai da Sharaɗa ki ƙirga gine-ginen da ke rufe. Rashin wuta da kayan waje sun kashe da yawa, amma in kika bincika za ki samu waɗanda rabon gado ne ya rufe su.

Yanzu ga dalilin da ya sa malami kaɗai bai isa ba. Muna rayuwa ne a ƙarƙashin dokoki iri uku a lokaci guda: shari'ar Musulunci, da dokokin da muka gada daga Ingila tare da waɗanda majalisu suka yi, da al'adun gargajiya. Shari'ar da kowane ɗalibi ke karantawa a nan ita ce ta Adesubokan da Yunusa. Wani Musulmi mazaunin Zariya ya rubuta wasiyya bisa dokar wasiyya ta Ingila ta 1837, ya raba dukiyarsa yadda ya ga dama. Mai shari'a Mohammed Bello, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, ya ce wasiyyar ba za ta saɓa wa Malikiyya ba. A 1971 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncinsa, ta ce dokar 1837 ta ba mutum 'yancin ya yi yadda yake so. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara da Oyo suka yi nasu dokokin wasiyya, suka ce wannan 'yanci bai shafi wanda shari'ar Musulunci ke hawa kansa ba, kuma a 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi dokar Kwara a shari'ar Ajibaiye ta ƙi zartar da wasiyyar wani Musulmi da ta saɓa wa rabon Musulunci. Don haka tambayar farko kullum ita ce: wace jiha, kuma wace doka ce ke aiki a can? Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha hurumin sauraron ɗaukaka ƙara kan wakafi da kyauta da wasiyya da gado idan mamacin ko mai bayarwar Musulmi ne. Daga can shari'a na iya tafiya Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya har Kotun Ƙoli. Dole takardar da kika rubuta ta iya tsayawa a gaban alƙali mai littafin fiƙihu na Tuhfa a kan teburinsa, ta kuma tsaya a gaban mai shari'a da ke neman sashe da ƙaramin sashe.

Shi ya sa ko wasiyyar Musulmi nake rubutawa, nakan cika mata sharuɗɗan doka duka. A rubuce, mai ita ya sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin a lokaci guda, su ma su sa hannu a gabansa. Kada shaida ko matarsa su kasance cikin waɗanda aka yi wa wasiyya, don a dokar kason nasu faɗuwa yake yi. In mai wasiyyar tsoho ne ko majinyaci, a samu likita ya duba shi ranar ya rubuta cewa hankalinsa na nan. In ba ya karatun boko, a karanta masa da Hausa a rubuta cewa an yi haka. Ɗan da ya kawo shi ofis kuma ya jira a waje, komai kusancinsu. Bayan an gama a kai kwafi a ajiye a rajistar wasiyya ta Babbar Kotun jiha, a faɗa wa wasiyyin da aka naɗa, wato wanda zai zartar da ita, inda take. Na taɓa ganin wasiyya mai kyau da aka tsinta a cikin wani tsohon akwati shekara uku bayan an raba komai an cinye.

Bayan mutuwa aikin ya zama na ƙafa da haƙuri. Kotun shari'a za ta tantance magada ta raba, amma banki da kamfanin fansho da masu rajistar hannun jari kowa da takardar da yake nema. Wasu sukan karɓi umarnin kotu mai hatimi, wasu sai takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotu, wadda sai an cike fom, an kawo masu tsayawa, an buga sanarwa a jarida, an biya kuɗin da ake lissafawa bisa darajar dukiyar, kuma kowace jiha da nata farashin. In akwai kadara a wata jihar, sai an kai takardar can an sake buga mata hatimi. Sannan ga kuskuren da zai bi ki har ki yi ritaya: gurbin nan na fom ɗin banki da ake rubuta sunan makusanci, wanda mutanenmu suka fassara da magaji. Babban ɗa zai zo miki da ƙarfin gwiwa ya ce kuɗin nasa ne tunda sunansa Baba ya rubuta. Ba nasa ba ne. Wanda za a tuntuɓa ne kawai. Haka wanda ya san lambar katin cirar kuɗin marigayi ya riƙa zara da sunan hidimar zaman makoki, dukiyar marayu yake taɓawa, kuma ranar lissafi sai ya kawo bayani.

Iyalan ma'aikata sukan bar haƙƙinsu a baya saboda rashin sani. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, ban da abin da ya taru a asusun fanshonsa. Ribar hannun jari da ba a karɓa ba kuwa, dokar kuɗi ta 2020 ta ce in ta kai shekara shida a mayar da ita wani asusun amana na gwamnati, mai ita ya biyo baya. Dattawa da yawa sun sayi hannun jarin bankuna da kamfanoni, takardun na cikin ambulan a ƙarƙashin katifa, 'ya'yan ba su san me ake yi da su ba.

Ƙasa ita ce uwar rigima. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen jiha a hannun gwamna, abin da mutum ke da shi haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. Gidaje da yawa an saye su hannu uku ko huɗu, amma C of O, wato takardar shaidar haƙƙin zama, na ɗauke da sunan mutumin farko. Za ki san hanyar ofisoshin rajistar filaye, wato KANGIS a Kano, da KADGIS a Kaduna, da AGIS a Abuja kamar hanyar gidanku. Mafi wuya su ne tsofaffin gidajen cikin birni da aka ƙi rabawa don kunya ko don kada a ce an watsa gida. Kaka ya rasu ba a raba ba, 'ya'yansa sun rasu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya bar mata da 'ya'ya, wasu matan sun yi aure sun haihu sun rasu. Wannan shi ake kira munasakha, kuma a nan kam lissafi yakan yi zafi. Na taɓa yin wani da magada suka haura sittin a kan gida ɗaya, sai da muka manna takardu a bangon ofis muka zana asalin kowa, muka yi wata biyu muna neman wanda ya riga wani mutuwa tsakanin wasu 'yan'uwa biyu, don amsar tana canja kason mutum goma sha.

Wasu abubuwan kuma jira suke sawa. In matar mamaci na da ciki, a Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Wanda ya ɓata ba a san yana raye ko ya mutu ba, dokar shaida ta 2011 ta ce bayan shekara bakwai ba labari ana iya ɗaukar ya mutu, alhali Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya ce dukiyarsa ta jira har ya kai shekarun da ba a saba wucewa ba, wato saba'in, tare da hukunci na daban ga wanda ya ɓata a fagen yaƙi ko fitina. Da can wannan babi na jarrabawa ne kawai. Yanzu, da abin da ya faru a Borno da Yobe da Zamfara da Katsina, lauyoyi da alƙalai na fuskantarsa ido da ido.

Kada ki ɗauka Musulmi kaɗai za ki yi wa aiki. Ɗan kasuwar Sabon Gari da ya yi auren coci da rajista dokar kula da dukiyar mamaci ce za ta hau kansa in bai bar wasiyya ba, wanda ya yi auren gargajiya kuma al'adarsu. Ki san hukuncin Ukeje na 2014, inda Kotun Ƙoli ta ce al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa sashe na 42 na kundin tsarin mulki. Masu gida a Landan kuma ki gaya musu tun wuri cewa Ingila na karɓar harajin gado kashi 40 cikin 100 a kan abin da ya haura fam 325,000, ki haɗa su da lauyan can, kada ki yi karambanin ba da shawara a kan dokar ƙasar da ba ki karanta ba.

Maganar shiri ba ta da tsawo. Ki gama shekara biyar ɗinki, ki tafi Makarantar Lauyoyi, ko Bagauda aka tura ki ko Bwari ko Yola, a kira ki lauya, ki yi hidimar ƙasa. Ki ba dokar ƙasa da ta kamfanoni da ta amana da ta shaida muhimmanci, don su za ki fi amfani da su. Abin da jami'a ba za ta ba ki isasshe ba shi ne fara'ili a aikace. Ki nemi malami ki zauna gabansa ki karanta babin gado da wasiyya da kyauta a Risala, in kin samu dama ki wuce Mukhtasar da Tuhfatul Hukkam. Larabci ko kaɗan ne zai ɗaga ki sama da sa'o'inki, domin alƙalin kotun shari'a yana gane lauyan da ya karanta nassi da wanda ya haddace fassara. Ki koyi karanta lissafin kuɗin kamfani. Ki kuma ƙulla hulɗa da mai ƙiyasin kadara mai gaskiya, da safiyo, da akanta.

Kuɗi fa? Ba zan ruɗe ki ba, shekarun farko da ƙyar ne. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗi don shawara ba, kuma wanda zai kashe miliyoyi a shari'ar shekara bakwai zai yi ciniki da ke a kan kuɗin rubuta wasiyya kamar yana sayen tumatir. Rubuta wasiyyar kanta ba ta riƙe ofis. Abin da ke riƙe shi aikin da take jawowa ne: gyaran takardun filaye, rajistar kamfani, yarjejeniyar haya da ta tarayya, karɓo haƙƙoƙin mamaci, sulhu tsakanin magada. Iyali ɗaya da suka yarda da ke za su riƙe ki shekara da shekaru, su kawo surukansu da abokan kasuwarsu. Akwai kuma kamfanonin amintattu masu riƙe wa mutane dukiya amana, waɗanda yawancinsu rassan bankuna ne, suna ɗaukar lauyoyi aiki, kuma wanda ya haɗa dokar zamani da fiƙihu ba shi da yawa a kasuwa. Ki faɗi kuɗin aikinki a rubuce tun farko. Kuɗin magada kuma su zauna a asusun da doka ta ce a ware wa masu hulɗa da ke, kada su kwana a naki ko da dare ɗaya ne. Lauyoyin da na ga an kai gaban kwamitin ladabtarwa a wannan fanni, yawanci daga "zan mayar in an biya ni" suka fara.

Sai kin iya riƙe sirri fiye da yadda kike zato. Za a gaya miki akwai mata a wani gari da uwargida ba ta sani ba, ko bashin da ya fi dukiyar yawa, ko ɗan da ake shakkar nasabarsa. Za ki haɗu da iyalin a wurin biki ku gaisa, fuskarki ba ta nuna komai ba. Bayan rasuwa kuma kowane ɗaki zai so ya ja ki gefensa, don haka ki bayyana tun ranar farko wa kike wakilta, wasiyyi ne, ko magada duka, ko ɗaki ɗaya. Kasancewarki mace zai ba ki abin da ni ban samu ba. Mai takaba tana wata huɗu da kwana goma a ɗaki, a daidai lokacin da maza ke zaure suna yanke shawara a kan dukiyar, ni sai dai in aika mata da saƙo ta bakin wani wanda wataƙila yana da nasa buri. Ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki ki zauna a bakin gado ki ji daga bakinta.

Hutun da ke tafe, ki je babbar kotun shari'a mafi kusa da ku ki zauna a benci na baya mako biyu, ki riƙa rubuta abin da ake jayayya a kai a kowace shari'ar gado, ki ga nawa ne a kan kaso, nawa ne a kan mallaka. In kin dawo gida ki samu mahaifinki cikin raha ki tambaye shi inda takardun gidanku suke da sunan da ke jikinsu, sannan ki tambayi mahaifiyarki ko akwai kuɗinta a ginin.